Katin Bindiga a Alaben Ba'amurke



A jihar Filorida ta Amurka, wanda yake son izinin yawo da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga ba ofishin 'yan sanda zai nufa ba. Ma'aikatar Aikin Gona da Kare Masu Sayayya zai miƙa wa takardunsa, wato ma'aikatar da take duba ko famfon gidan mai yana tauye mudu. Idan ya cika sharuɗɗa, sai a ba shi ɗan kati mai hotonsa, girman katin banki, wanda zai yi shekara 7 yana aiki. Shekaru da dama dokar jihar tana cewa duk lokacin da bindigar take jikinsa, to katin da wata takardar shaida mai hoto su kasance tare da shi, kuma ya nuna su idan ɗan sanda ya nema. Wanda ya manta da su a gida, tararsa dala 25 ce, kuma ba a rubuta masa ita cikin manyan laifuka.

Dala 25 ba wani kuɗi ba ne a Amurka. Mai duba dokar a takarda zai ɗauka maganar ba ta isa a tara mata jama'a a zaure ba. Amma lokacin da aka ciro katin nan, da garin da aka ciro shi, da yadda hannu ya shiga aljihu don ɗauko shi, su suke raba wanda zai kwana a gidansa da wanda zai kwana a kurkuku, har ma da wanda za a kai ɗakin ajiye gawa.

Kafin a je ga katin, sai an san abin da ya haife shi. Gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba jama'a haƙƙin mallaka da ɗaukar makami, amma bai ce uffan ba game da ɓoye shi. Amurkawan farkon ƙarni na 19 kuwa kallon matsoraci ko maci amana suke yi wa mai ɓoye makami. A ganinsu namiji ya rataya bindigarsa kowa ya gani. Mai cusa ta cikin riga akwai abin da yake ƙullawa. Jihohin Kentaki da Luwiziyana sun haramta ɓoye makami a 1813. A Kentaki aka kama wani mutum mai suna Bliss da takobi a cikin sandar dogarawa, shari'a ta yi nisa har babbar kotun jihar ta soke dokar a 1822, sai da aka gyara tsarin mulkin jihar a 1850 kafin majalisa ta sake samun ikon hanawa. Yau lamarin ya juye. Mai rataye bindiga a fili shi ne yake tayar wa mutane hankali a kanti, mai ɓoyewa kuma shi ake gani mai natsuwa.

A 1911 jihar Niyok ta kafa dokar Sullivan, wadda ta wajabta lasisi ga mai ƙaramar bindiga, daga baya aka ƙara sharaɗin cewa sai mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a bar shi ya fita da ita. Wa zai auna ƙarfin dalilin? Jami'in da aka kai wa takardar. Irin wannan tsari ya yaɗu a jihohi da yawa, kuma a Kudu kowa ya san waɗanda dalilinsu ba ya taɓa yin ƙarfi. A watan Janairun 1956 aka jefa bam a gidan Martin Luther King a birnin Montgomery na jihar Alabama, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Ya nemi izinin riƙe bindiga, aka hana shi.

Filorida ce ta buɗe sabon babi a 1987. Dokarta ta ce duk wanda ya kai shekaru, ba shi da tarihin babban laifi, ya yi horo, ya ba da hoton yatsunsa, dole ne a ba shi kati, ko jami'i yana son fuskarsa ko ba ya so. Ba ita ta fara irin wannan doka ba, amma daga kanta jihohi suka riƙa kwaikwaya ɗaya bayan ɗaya. Teksas ta ɗan ja ƙafa. A watan Oktoban 1991 wani mutum ya kutsa da mota cikin gidan abinci na Luby's a garin Killeen, ya harbe mutum 23 har lahira. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda ta bar bindigarta a mota saboda doka ba ta yarda ta shiga da ita a jaka ba. Uwa da uba duk ta rasa su a wurin. Ta zagaya majalisu tana ba da labarinta, Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar katin a 1995, ita kuma daga baya aka zaɓe ta 'yar majalisar jihar. Ilinoi ce jiha ta ƙarshe da ta yarda a ɓoye bindiga, a 2013, ita ma sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tilasta mata. Ranar 23 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 6 a kan 3, ta soke sharaɗin ƙwaƙƙwaran dalili na Niyok a shari'ar da ake kira Bruen. Amma kotun ba ta hana jihohi neman lasisi ba, shi ya sa katin yana nan da ransa. An ƙiyasta masu riƙe da shi sun haura miliyan 20.

To me doka take bukata ga wanda ya samu? Babu amsa guda, domin babu katin tarayya. Kowace jiha da nata. Abin da galibinsu suka haɗu a kai shi ne katin ya kasance a jiki tare da shaida mai hoto, kamar dai direban da takardun motarsa suke cikakku amma ya bar su a ƙarƙashin filo, wanda a shingen 'yan sanda da shi da marar takarda duk ɗaya ne sai an bincika. Hikimar a fili take. A jihar da ake neman lasisi, ɓoye bindiga laifi ne, katin ne yake cire mutum daga cikin masu laifi, ɗan sandan da yake tsaye a bakin titi da dare kuwa yana son ya gani da idonsa.

Minesota ta sauƙaƙa. Wanda aka kama ba kati a karon farko, tararsa ba za ta wuce dala 25 ba, kuma idan ya je kotu ko ofishin ɗan sandan ya nuna cewa yana da izini a ranar, sai a yi watsi da tuhumar. Dokar ta ma ba ɗan sanda damar ya ce mutum ya sa hannu a gabansa don ya tabbatar shi ne mai katin. Mishigan ta fi tsanani: tarar dala 100, kuma ɗan sanda yana iya karɓe bindigar nan take, mai ita yana da kwana 45 ya kawo katinsa ya karɓi kayansa. Teksas kuma ta yi wani abu mai ban dariya. Dokarta har yanzu tana cewa idan ɗan sanda ya nemi shaida, mai bindiga ya miƙa lasisin tuƙi da katin bindiga tare, amma tun 2009 majalisa ta cire hukuncin ƙin yin hakan. Umarni yana nan a littafi, bulala babu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo yake saƙa shi ne tambaya ta biyu: shin mai bindiga zai fara buɗe baki ya faɗa, ko zai jira a tambaye shi?

A Mishigan dole ne ya faɗa nan take da zarar an tsayar da shi. Wanda ya yi shiru, karon farko dala 500 da dakatar da katinsa wata 6. Idan ya sake cikin shekara 3, dala 1,000 kuma a soke katin. Karolina ta Arewa ma ta wajabta faɗa da zarar ɗan sanda ya tunkari mutum. Ohayo ta daɗe da irin wannan doka, ta ce a faɗa cikin gaggawa, amma ba ta ce gaggawar daƙiƙa nawa ce ba. A 2011 a birnin Canton kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauki wani direba mai kati da ya yi ta ƙoƙarin magana ana katse shi. Da ɗan sandan ya gano akwai bindiga, sai ya hau zagi da barazanar harbe shi, sannan aka tuhumi direban da laifin rashin faɗa da wuri. Alƙali ya kori ƙarar. Bidiyon ya zagaya ƙasa, kuma a watan Yunin 2022 Ohayo ta canza dokar: yanzu sai an tambaya ake faɗa.

Minesota tana cikin jihohin da sai an tambaya. Wannan shi ya sa labarin Philando Castile yake da ɗaci.

Castile baƙar fata ne, ɗan shekara 32, mai kula da ɗakin cin abinci na wata makarantar firamare a birnin Saint Paul na jihar Minesota. Yana da katinsa na halal. 'Yan sanda sun sha tsayar da shi a hanya, fiye da sau 40 a tsawon shekaru, galibi kan ƙananan laifukan tuƙi, don haka ya san yadda ake yi. Da daren 6 ga Yulin 2016, a unguwar Falcon Heights, ɗan sanda Jeronimo Yanez ya tsayar da shi, ya ce fitilar birkinsa ta mutu; a rediyo kuwa ya riga ya shaida wa abokin aikinsa cewa direban ya yi kama da wani da ake nema kan fashi. A motar akwai budurwar Castile a gaba, da 'yarta 'yar shekara 4 a baya. Yanez ya nemi lasisin tuƙi da takardar inshora. Castile ya miƙa ta inshora, sannan cikin ladabi ya ce yana so ya sanar da jami'in cewa akwai bindiga a jikinsa. Doka ba ta ce ya faɗa ba tunda ba a tambaye shi ba. Ya faɗa ne don kyautatawa. Yanez ya ce kada ya ciro ta. Castile ya ce ba ciro ta yake yi ba. Yanez ya harba sau 7, harsashi 5 suka same shi. Daga tsayawar motar zuwa harbin bai kai minti biyu ba.

Budurwar ta kunna Facebook kai tsaye, duniya ta kalli mutumin yana zubar da jini a kujerar direba. Ta ce alabensa yake lalube, inda lasisin da aka ce ya kawo yake. Yanez ya shaida wa kotu cewa ya ga hannun a kan bindiga, ya ji tsoron ransa. An gurfanar da shi kan kisan da ba na ganganci ba, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi a watan Yunin 2017. Garin da Yanez yake wa aiki ya biya iyalan mamacin kusan dala miliyan 3. Katin bindigar kuwa a cikin alaben aka same shi.

A nan ne dokar take karo da kanta, kuma ya kamata a faɗi hakan ba kwana-kwana. Ta ce mutum ya ajiye kati a jikinsa ya nuna idan an nema. Maza da yawa a aljihun baya suke sa alabe, kuben bindiga kuma a ƙugu yake, tsakaninsu bai fi taƙi ba. Ɗan sanda an horar da shi ya sa ido a kan hannu, ya ɗauki hannun da ya nufi ƙugu a matsayin haɗari. Ke nan motsin da doka ta umarta shi ne motsin da ake harbi a kansa. Masu koyar da riƙe bindiga sun san da wannan, shi ya sa suke cika ɗalibansu da nasihar da ba ta cikin kowace doka: a kashe mota, a kunna fitilar ciki, a sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, a faɗi inda bindiga take da inda alabe yake, kada a motsa sai jami'i ya ce a motsa. Wasu ma sukan ce a fara ambaton kati kafin a ambaci bindiga, saboda kunnen da ya ji bindiga da farko ba ya jin sauran. Nasiha ce mai kyau, amma ta ɗora wa farar hula nauyin kwantar da hankalin wanda gwamnati ta horar kuma take biya don ya zama mai sanyin kai. Babbar ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, wadda take tashi tsaye a kan ƙaramin abu, ta sha suka har daga 'ya'yanta saboda ɗan abin da ta ce kan Castile bai taka kara ya karya ba.

Matsala ta gaba ita ce iyaka. Lasisin tuƙi na kowace jiha yana aiki a duk faɗin ƙasar, don haka mutane da yawa suna ɗauka katin bindiga ma haka yake. Shaneen Allen ta ɗauka haka. Uwa ce mai 'ya'ya biyu a birnin Filadelfiya na jihar Fensilbeniya, ta sayi bindiga ta karɓi kati bayan an yi mata fashi sau biyu. A watan Oktoban 2013 ta tsallaka jihar Niyu Jasi, wadda kogi ne kawai ya raba ta da garinsu, aka tsayar da ita kan laifin tuƙi. Ta yi abin da aka koya mata: ta faɗa wa ɗan sanda tana da bindiga, ta nuna katinta. Niyu Jasi ba ta amincewa da katin kowace jiha. Aka kama ta, ta yi fiye da kwana 40 a tsare, tana fuskantar hukuncin da mafi ƙanƙantarsa shekara 3 da rabi ne. Mai gabatar da ƙara ya ƙi sa ta cikin shirin da ake sassauta wa masu laifin farko, alhali a gundumar da aka kama ta, ɗan wasan ƙwallon Amurka Ray Rice, wanda kyamara ta nuna yana naushin budurwarsa a cikin lifta, an sa shi cikin shirin. Surutu ya yi yawa, aka sassauta mata a 2014, Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015.

Jihohi suna ƙulla yarjejeniyar amincewa da katin juna, amma jerin yana canzawa, wani lokaci da canjin babban lauyan jiha kawai. Shi ya sa za a ga mutumin da bai taɓa taka Yuta ba yana ɗauke da katin Yuta, saboda tana ba baƙi kuma jihohi da dama suna karɓarsa. A watan Disambar 2017 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin da zai tilasta wa kowace jiha karɓar katin 'yar'uwarta, amma ya mutu a Majalisar Dattawa. 'Yan sanda masu aiki da waɗanda suka yi ritaya ne kawai suka sami irin wannan gata, ta wata dokar tarayya ta 2004, su ma da sharaɗin katin shaidar aikinsu yana jikinsu.

Ana cikin haka sai ga iska ta kaɗa wani gefen. Bamont ba ta taɓa neman lasisi ba, ba ta ma bugawa. Alaska ta bi sahunta a 2003, Arizona a 2010, Teksas a 2021, Filorida a 2023, har zuwa ƙarshen 2024 jihohi 29 sun yarda baligin da doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba ya ɓoye ta ba tare da kati ba. A Filorida tarar dala 25 tana nan, amma yanzu a kan rashin takardar shaida take. Duk da haka mutane ba su daina layin neman kati ba, kuma suna da dalili. Na farko tafiya wata jiha. Na biyu wata dokar tarayya ta 1990 da ta haramta bindiga a cikin ƙafa 1,000, kusan mita 300, daga harabar makaranta, amma ta keɓe wanda yake da lasisin jihar da makarantar take. A cikin birni da wuya mutum ya yi tuƙin minti goma bai ratsa irin wannan da'ira ba. Marar kati a jihar da ta ce ba ta bukatar kati yana iya karya dokar tarayya sau da yawa kafin ya isa wurin aiki bai sani ba.

Akwai kuma wuraren da katin ba ya amfanar komai: gidan waya, kotunan tarayya, da cikin jirgin sama. A 2023 hukumar binciken fasinjoji ta kama bindigogi 6,737 a jakunkunan hannu a filayen jirgin Amurka, fiye da kashi 90 cikin 100 da harsashi a ciki, kuma uzurin da aka fi ji shi ne mantuwa.

Iyayen da suke da 'ya'ya masu karatu a can, wannan ɓangaren naku ne. Dokar tarayya ta haramta wa wanda ya shiga Amurka da bizar karatu ko ta ziyara ya riƙe bindiga ko harsashi, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar wanda ya yanki lasisin farauta. Hukuncin yana iya kai shekara 15. Jiha ta ce ba ta neman kati, wannan bai shafe dokar tarayya ba. Ɗalibin da abokinsa ya miƙa wa bindiga don a ɗauki hoto yana iya rasa karatun da bizar gaba ɗaya. Mai takardar zama na dindindin shi dokarsa daban ce, galibi ana ba shi abin da ake ba ɗan ƙasa.

Ga mai tambayar yadda abin yake a Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Bindigar toka ta mafarauta kwamishinan 'yan sandan jiha ne yake ba da lasisinta, bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu Sufeto Janar, ƙaramar bindigar da Ba'amurke yake sokewa a ƙugu kuwa tana cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin Bruen, a ƙarshen Yunin 2022, gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindigar daji. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya mayar da martani cewa gwamna ba shi da hurumin ba kwamishinan 'yan sanda irin wannan umarni, rundunar 'yan sandan jihar kuma ta ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan ba a ɗage ba.